Yadda na gyara taronmu na safe

A Gombe nake horar da mutum 7 masu haɗa manhajar waya bisa tsarin Scrum, wato tsarin aiki da ƙungiya ke tsara aikinta da kanta. Taron tsaye na kullum, na minti 15, sai ya koma ba ni rahoto. Kowa ni yake kallo, ƙananan kuma kunyar manya ta hana su cewa aiki ya cije.

Laifina ne, ni ke raba aiki. Sai na koma bakin ƙofa na kama bakina, kowa ya zaɓi nasa a allo. Kwana biyu shiru, har ƙarar fanka nake ji. Ran na uku ƙaramarsu ta ce, "Yaya, shafin biyan kuɗi ya gagare ni." Babbansu ya jawo kujera kusa da ita.