Idan diski ya cika: yadda za a kamo manyan fayiloli a Linux

Jama'a, duk wanda diskinsa ya cika, ya fara buga df -h tukuna, ya ga wane ɓangare ne ya cushe. Bayan nan sai wannan, wanda zai jero fayilolin da suka wuce 500M:

sudo find / -xdev -type f -size +500M -exec ls -lh {} +

Don Allah kada ku manta da -xdev. Shi ke hana find tsallakawa zuwa wasu diskokin da aka ɗaura a ƙarƙashin /. In babu shi, zai kutsa cikin /proc ya kawo muku wani fayil mai suna kcore, wanda a kwamfuta mai 64-bit kan nuna kusan 128T, alhali ba ya cin ko ɗigon wuri a diski. In kuma akwai ma'ajiyar NFS (wato ma'ajiyar wata kwamfuta da ake shiga ta network) a haɗe, sai ku yi ta jira har ku gaji.

Idan /home ko /mnt/ajiya na kan diski daban, ku jera su da kanku: find / /home /mnt/ajiya -xdev, sauran yadda yake. Umarnin findmnt zai nuna muku abin da aka ɗaura da inda yake.

Wani lokaci a goge ƙaton fayil amma wuri bai dawo ba. Wata manhaja ce ke riƙe da shi a buɗe. Ku duba da sudo lsof +L1, sannan ku sake kunna manhajar.