Salla da neman aiki: jagora ga ƴan Damagaram masu karɓar kuɗin rashin aiki a Faransa

A nan Damagaram, wanda aikinsa ya ƙare sai dai dangi su rufa masa asiri, domin asusun CNSS, wato asusun ƙasa na kula da jin daɗin ma'aikata, yana biyan fansho da kuɗin iyali da na haɗarin aiki, amma babu kason wanda ya rasa aiki. Ƴaƴanmu da ƙannenmu da ke zaune a Faransa kuwa suna cikin wani tsari dabam. Can, wanda ya yi aikin wata 6 cikin wata 24 da suka wuce, aikin kuma ya kuɓuce masa ba da son ransa ba, yana iya karɓar kuɗi kowane wata ta hannun ma'aikatar France Travail, wadda ake kira Pôle emploi kafin watan Janairun 2024. Sharaɗin shi ne ya kasance yana neman aiki da gaske, kuma a same shi duk lokacin da aka neme shi. A kan wannan sharaɗi ne ibada da doka suke haɗuwa.

A fara da Juma'a. Mu mun saba da ana tashi daga aiki da wuri ranar Juma'a, a can kuwa ranar aiki ce kamar Talata. Idan aka sa wa mutum ranar ganawa da jami'in da ke kula da takardunsa ta faɗo daidai lokacin huɗuba, kada ya yi shiru ya tafi masallaci, ya nemi a sauya masa lokaci tun kafin ranar, a rubuce, ya kuma ajiye amsar. Rashin zuwa ba tare da uzuri ba yana iya jawo a rage kuɗin ko a dakatar da shi. Haka nan, lokacin da ake rubuta yarjejeniyar neman aiki tsakaninsa da France Travail, ya faɗi sa'o'in da suka fi masa sauƙi, ya nuna cewa zai karɓi aikin asuba ko na dare ko na Asabar. A ganina wannan ya fi cewa "ba na aiki ranar Juma'a", domin ƙin tayin aikin da ya dace har sau biyu ba tare da hujja ba abin hukunci ne. Doka ta hana a ƙi ɗaukar mutum saboda addininsa, amma ba ta tilasta wa mai kamfani ya ba shi ranar Juma'a ko ranar Idi ba. Wannan sai da lalama.

Salloli biyar ba su da wannan wahala. Doka ta ba ma'aikaci hutun minti 20 idan aikinsa ya kai awa 6, malamanmu na Malikiyya kuma sun bambanta lokacin muhtari, wato lokacin sallar na asali, da na laruri, wato wanda aka sassauta wa mai uzuri. Wanda abin ya shige masa duhu ya tambayi malami, kada ya yanke wa kansa fatawa.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne tafiya. Mai karɓar kuɗin yana da izinin barin gida na kwana 35 a shekara, duk tafiyar da za ta wuce kwana 7 kuma dole ne ya sanar da ita. To, mutum ya yi Umara a goman ƙarshe na azumi, ya zo gida kallon hawan salla a ƙofar fadar Sarki, ya biya Mirriya ko Magariya gaisuwar ta'aziyya, kafin ya ankara kwanakin sun ƙare, Hajji kuma yana gaba. Ya ɗauki kalanda tun farkon shekara ya lissafa. Idan tafiyar za ta zarce kwana 35, ya faɗa a fili, a tsayar da biyan, ya sake rajista bayan ya dawo. Iyaye a nan gida su ma su daina matsa wa yaro da "ƙara sati guda", ba su san abin da satin zai ci masa ba.

Sai sabunta bayani na wata-wata, wato shaida wa France Travail cewa har yanzu ana neman aiki, wanda ake yi ta intanet ko ta waya daga ranar 28 zuwa 15 ga watan da ke biye. Ko azumi ne ko hidimar salla, kada ya bari ranar ta wuce shi. Idan kuma ya taya wani mahauci aiki kwana uku lokacin layya aka biya shi, ya rubuta sa'o'in da kuɗin yadda suke, domin abin da aka biya shi fiye da haƙƙinsa za a neme shi ya mayar.