Yadda Ake Shirya Ziyarar Gandun Dajin Gashaka-Gumti Daga Bauchi ko Gombe

Yawancinmu mutanen Bauchi da Gombe, idan aka ambaci gandun daji, Yankari ce take faɗo mana a rai, inda mutum yake zama cikin mota a zagaya da shi ya ga giwaye da ɓauna, da yamma kuma ya shiga ruwan ɗumi na Wikki. Wanda ya ɗauki wannan tunani ya nufi Gashaka-Gumti zai sha wahalar da bai shirya mata ba, domin can ƙafa ce take kai mutum wurin abin kallo, kuma kurmin da ake ratsawa, da duwatsun da ake hawa, da rafukan da ake tsallakawa kafin a kai ga matsirgar ruwa, duk suna buƙatar a ba su lokaci da jiki.

An kafa wannan gandu a shekarar 1991, lokacin da aka haɗe dazuzzukan Gashaka da Gumti wuri guda, kuma shi ne mafi girma cikin gandayen dajin ƙasa a Najeriya, da faɗin da ya haura murabba'in kilomita 6,000 a jihohin Taraba da Adamawa. Ɓangaren arewa, wato Gumti, fili ne mai ciyawa da bishiyoyi jefi-jefi, wanda bai bambanta sosai da dajin da muka sani ba. Mai neman kurmi da ruwa mai zubowa daga dutse ɓangaren kudu zai nufa, wato Gashaka, inda ƙasa take tashi har ta kai Chappal Waddi a kan iyakar Kamaru, dutsen da ya fi kowane tsawo a Najeriya, mai mita 2,419. Daga waɗannan tsaunuka ne koguna irin su Kam da Gashaka suke gangarowa su shiga Kogin Taraba, shi kuma ya zuba a Binuwai.

Abu na farko da ya kamata a yanke shi ne lokacin tafiya, kuma a nan ne mutane da yawa suke kuskure. Da damina, daga wajen watan Mayu zuwa Oktoba, ruwa yana cika matsirgai har ƙararsu ta hana a ji maganar juna, amma a lokacin ne hanyoyin cikin gandun suke zama taɓo, koguna su cika su hana ƙetarewa. A watannin Fabrairu da Maris tafiya tana da sauƙi, dabbobi kuma suna matsowa bakin ruwa, sai dai matsirgai sun ragu, hazo ya rufe duwatsu, zafi kuma ya fara tsananta a ƙasa. A ganina, wanda ruwa da ganye suka kai shi ya zaɓi ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Janairu, lokacin da hanya ta fara bushewa alhali rafuka ba su janye ba, kurmi kuma yana nan shar.

Hedikwatar gandun tana garin Serti, a ƙaramar hukumar Gashaka ta jihar Taraba. Mai tasowa daga Bauchi zai bi ta Alkaleri ya iso Gombe, daga nan a bi hanyar Billiri da Kaltungo zuwa Numan, a juya kudu zuwa Jalingo. Shawarata ita ce a kwana a Jalingo, a yi sammako bayan sallar asuba a bi ta Garba Chede da Bali har Serti, saboda hanyar tana da nisa, akwai wurare masu ramuka, kuma tafiyar dare a wannan yanki ba abin da ya dace ba ce. A tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki a makon da za a tashi, domin labarin watan jiya ba ya wadatarwa a sha'anin tsaro. Mota mai tsayi da ƙarfi irin Hilux ita ce ta dace, musamman daga Serti zuwa ƙauyen Gashaka, kuma a cika tanki tun daga babban gari, a riƙe tsabar kuɗi a hannu, tunda sabis ɗin waya yana yankewa da zarar an nutsa cikin daji.

Kafin a baro gida, a tuntuɓi ofishin gandun a sanar da su ranar zuwa, da yawan mutane, da abin da ake son gani, a kuma tambayi kuɗin shiga da na masauki daga bakinsu. Gandun yana ƙarƙashin hukumar kula da gandayen daji ta ƙasa, kuma tun shekarar 2017 take gudanar da shi tare da gidauniyar Africa Nature Investors. Ba a shiga ciki sai da ma'aikacin gandun a matsayin ɗan jagora, kuma wannan doka ce da nake roƙon kowa ya riƙe ta da zuciya ɗaya. A cikin kurmi rana ba ta isowa ƙasa sosai, hanyoyi suna kama da juna, kuma mutumin da ya girma a fili, wanda ya saba gane gabas da hangen nesa, yana iya ɓata cikin mintuna kaɗan. Ɗan jagora ya san mashigin da ya dace a kowane rafi, ya san gurbin da dorina da kada suke a Kogin Kam, yana kuma gane sawun ɓauna sabo daga tsoho. A gaishe shi da girmamawa, a kira shi Malam ko Baba gwargwadon shekarunsa, idan ya ce a tsaya a tsaya, idan ya ce a koma a koma ba tare da gardama ba.

Game da kaya, takalmi shi ne kan gaba. A nemi rufaffen takalmi mai kaushin ƙasa wanda ƙafa ta riga ta saba da shi, domin sabon takalmi yana fitar da bororo tun ranar farko, silifa kuma ba shi da wurin zama a wannan tafiya. A sa dogon wando da riga mai dogon hannu, masu launin ƙasa ko ruwan ganye, a guji baƙi da shuɗi saboda suna jan ƙudan tsando. Mata za su fi samun sauƙi da wando a ƙarƙashin riga mai tsayi daidai, da hijabi gajere wanda ƙaya ba za ta riƙe ba. A ɗauki gidan sauro, da man korar ƙwari, da tocila, da rigar sanyi domin dare a kan tudu yana da sanyi ƙwarai, a kuma ga likita kafin tafiya kan maganin zazzaɓin cizon sauro. Guzuri ya zama marar nauyi kuma mai riƙe ciki, irin su dabino, ƙuli-ƙuli, garin kwaki, kilishi da dambun nama. Ruwan rafi, komai haskensa, a tafasa shi kafin a sha. Matafiyi yana da sauƙin ƙasaru da haɗa salloli, saboda haka a tsara tafiyar yini yadda za a yi salla a wurin hutu, ba a tsakiyar hawa ba.

Idan an isa matsirga, a nan ne ake bukatar natsuwa fiye da ko'ina. Duwatsun da feshin ruwa yake jiƙawa suna da gansakuka, kuma suna da santsi kamar an shafa musu sabulu, don haka a riƙa taka busasshen wuri, a riƙe sanda, a bar hannu ɗaya a sake. Kada a hau saman matsirga domin ɗaukar hoto, kada kuma a yi tsalle cikin gurbin da ruwa yake faɗawa, saboda ruwan da yake zubowa daga sama yana haƙa rami mai zurfi, yana kuma juyawa a ƙasa ta yadda zai iya danne ko gwanin iyo. Idan ɗan jagora ya nuna gefen da ba shi da haɗari, a shiga iya gwiwa ko ƙugu. Akwai wata alama da ya kamata kowa ya sani: idan ruwa mai haske ya fara yin ja, ko aka ga ganyaye da itatuwa suna tahowa da yawa, to an yi ruwan sama a kan tudu, kuma ambaliya tana iya isowa ko da sararin wurin da kuke garau yake. A fita daga kwarin nan take a hau tudu.

A cikin kurmin yankin Kwano, a ɓangaren Gashaka, akwai cimfanzi, birin nan mai kama da mutum, kuma Gashaka tana cikin muhimman wuraren da irinsa na Najeriya da Kamaru ya rage. Ganinsa sai an dace, amma sau da yawa akan ji kukansa ko a ga sheƙar da ya yi da ganye a kan bishiya ya kwana. Mai mura ko tari ya haƙura da wannan hanya, domin cututtukan numfashi na mutane suna kama waɗannan dabbobi har su kashe su. A yi magana ƙasa-ƙasa, kada a ba birai abinci, kuma duk leda ko gorar da aka shigo da ita a fita da ita. Masu son tsuntsaye su zo da madubin hangen nesa, tunda an ƙirga nau'o'i sama da 500 a gandun.

A ware aƙalla kwana biyar: biyu na zuwa da hutawa, biyu a cikin daji, ɗaya na kama hanyar gida da sassafe. A ranar farko a cikin daji a fara da gajeriyar tafiya, kamar zuwa kangon ganuwar Jamusawa da ke kan tudu kusa da ƙauyen Gashaka, wadda take tuna lokacin da yankin yake ƙarƙashin Kamarun Jamus, kafin ya shigo Najeriya bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961. Hawan Chappal Waddi kuwa tafiya ce ta kwanaki da dama tare da 'yan dako, kuma ya kamata a bar ta sai zuwa na biyu. A kan tuddai za a haɗu da rugagen Fulani makiyaya, kuma ɗan Gombe mai jin Fulatanci zai ga amfanin harshensa a can, sai dai a yi sallama, a gaida manya, a nemi izini kafin a ɗaga waya a ɗauki hoton kowa ko na shanunsa.