Yadda Ake Shiga Kwamfuta Mai Nisa da SSH

SSH hanya ce mai tsaro ta shiga wata kwamfuta daga nesa. A buɗe tagar umarni (terminal) a rubuta `ssh suna@adireshi`, wato sunan mai amfani da adireshin kwamfutar da ake son shiga, haɗin zai bi ta ƙofa (port) ta 22 sai dai idan an zaɓi wata da `-p`. A karon farko sabar, wato kwamfutar mai nisa, za ta nuna tambarin makullinta (jerin haruffa da lambobi da ake gane ta da shi), kuma wajibi ne a tabbatar da shi wurin mai kula da ita kafin a amsa da `yes`, domin a nan ne mugu yake iya kutsawa tsakani. Daga nan ya fi dacewa a daina dogaro da kalmar sirri: a ƙirƙiri makulli mai ɓangare biyu, na fili da na sirri, da `ssh-keygen -t ed25519`, a kulle shi da jimlar sirri mai tsawo, sannan a tura ɓangarensa na fili zuwa sabar da `ssh-copy-id suna@adireshi`. Ɓangaren sirrin kuwa, wanda yake cikin `~/.ssh`, kada ya taɓa barin kwamfutar mai shi. Idan an gama aiki, ana fita da `exit`.