Abin da iyaye za su yi idan yaro ya karye a gwiwar hannu

Idan mangwaro ya nuna a Bauchi yara ba sa rabuwa da kan bishiya, kuma wanda ya faɗo ya dafa ƙasa da tafin hannu yakan karye a ƙashin damtse, daidai saman gwiwar hannu. Wannan karaya ta fi samun 'yan shekara 5 zuwa 7, kuma hatsarinta shi ne babbar jijiyar jini da jijiyoyin da ke motsa yatsu duk ta wurin suka bi, don haka bakin ƙashin yana iya danne su.

Kada a ja hannun, kada a murza shi. A tallafe shi yadda aka same shi, da kwali da ɗankwali, sako-sako, a nufi inda akwai likitan ƙashi a ranar, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa. Kada a ba yaron abinci a hanya komai kukansa, domin ana so ya yi awa 6 bai ci komai ba kafin allurar barci, idan za a yi masa aiki.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ɗaurin karare da ake tamkewa a gida. Hannun da ya karye kumbura yake yi, idan kuma ɗauri ya matse shi sai jini ya daina gudana, naman ya mutu cikin 'yan awoyi, yatsu su lanƙwashe har abada, wani lokaci ma hannun ya ruɓe sai an yanke shi.

Idan hoto ya nuna ƙashin ya goce, likita zai mayar da shi mazauninsa, galibi ba tare da tsaga fata ba, ya kafe shi da siraran ƙarafa 2 ko 3 masu kaurin tsinken tsintsiya, sannan ya sa filasta. Ana zare ƙarafan bayan mako 3 zuwa 4.

A gida a ɗora hannun kan matashi, kada ruwa ya taɓa filastar. Uwa ta riƙa danna farcen yaron: ya yi fari, ta saki, ja ya dawo nan take. Ta ce masa, “Haɗa mini babban yatsa da manuni.” Idan ya kasa, ko yatsun suka yi sanyi, ko ya ƙwala ihu da an miƙe su, a koma asibiti ko da tsakar dare ne.