Kurakuran da ake yi wajen auna saurin shafin intanet

Na gaji da yadda matasa masu koyon gina shafuka a nan Maradi suke turo mini hoton maki 95 daga PageSpeed Insights, manhajar Google mai auna saurin shafi, wai aiki ya ƙare. Makin nan ba shi ne saurin da mai shiga shafin yake gani ba.

Kuskure mafi muni shi ne aunawa a kan kwamfutarka. Kana zaune da wifi, ka sha buɗe shafin, burauza ta riga ta ajiye hotunansa, dole ya buɗe nan take. To wa aka gina wa shafin? Ɗan kasuwa ne a babbar kasuwa, riƙe da Itel ko Tecno wadda hotunan WhatsApp suka cika, rezo yana zuwa yana ɗaukewa. Wannan ya taɓa raba ni da babban ciniki. Wani Alhaji mai sayar da atamfa ya biya ni in sauƙaƙa shafinsa. Na gyara shafin farko, makin ya tashi, na kai masa labari. Sai ya ɗauko salularsa, ya latsa mahaɗin wata atamfa da yaronsa ya tura wa masu saye. Muka zauna muna kallon farin allo. Ya ce, "Malam, ina saurin da ka ce?" Masu sayensa ba sa bi ta shafin farko, kai tsaye suke faɗawa shafin kaya, inda manyan hotuna suke jibge. Tun daga nan nake ajiye tsohuwar waya mai arha don gwaji kawai, ina goge abin da burauza ta ajiye, kuma shafin da mutane suka fi shiga nake fara aunawa.

Na biyu, gwaji sau ɗaya. Haba jama'a! Lighthouse kansa, wato manhajar da ke fitar da makin PageSpeed Insights, yana ba da maki daban idan ka maimaita a kan shafi guda. Ka auna da hantsi kafin gyara, ka auna da tsakar dare bayan gyara, sannan ka ce ka yi nasara? Ni sau biyar nake yi in ɗauki na tsakiya, waya ɗaya, wuri ɗaya, kuma bayan isha'i, lokacin da kowa yake kan waya.

Ku kuma koyi karanta saman rahoton PageSpeed Insights, inda bayanan masu amfani da Chrome na gaske suke. Google yana so babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, shafin ya amsa latsawa cikin kashi 200 cikin 1000 na daƙiƙa, a wajen kashi 75 cikin 100 na ziyarori. Ma'aunin amsa latsawar, INP, ya maye gurbin tsohon ma'auni mai suna FID a watan Maris na 2024, amma har yau wasu tsohon suke nema. Bayanan na kwana 28 ne, don haka gyaran jiya ba zai fito yau ba; ku daina warware aiki mai kyau saboda gaggawa. Shafin da masu shigarsa ba su da yawa sau da yawa ba shi da bayanan nan ko kaɗan, sai ka saka web-vitals, ƙaramar manhajar Google da ke auna waɗannan abubuwa daga wajen masu shiga shafinka, ka tattara naka.

Kada ka canza abu biyar a rana ɗaya, ba za ka san wanda ya yi aiki ba. Ka rubuta alƙaluman kafin ka taɓa komai. Kada kuma ka kwatanta cinikin makon Sallah da na sauran makonni ka ce sauri ne ya kawo masu saye.