Yadda zaka maida tarin lambobi su zama hoton da ido zai gane

Jiya wani ƙanena dake karatu a jami'a nan Damagaram ya kawo min tablo na farashin hatsi da dawa da wake na kasuwa shida, Dole, Mirriya, Magariya, Matamaye, Tanut da Gure, wata 12 cur, ya zuba su duka cikin zane guda a Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta, layuka 18 sun sarƙe kamar igiyar guga, shi kanshi ya kasa faɗa min ina hatsi yafi tsada. Wlh abin ya dame ni dan yaron ya sha wahala wajen tattara su.

Kafin ka taɓa zane, gyara lambobin tukunna. Wata kasuwa an rubuta kuɗin tiya, wata kuɗin buhu, to maida su ma'auni ɗaya. In ka rubuta 750 F da harafin a jiki Excel zai ɗauke shi rubutu, bar lambar tsirararta. Satin da ba'a samu farashi ba kuma ka bar gidan lambar wayam, kada ka sa 0, in ba haka ba layin zai faɗo ƙasa kamar ranar kyauta aka raba hatsi.

Sai ka tambayi kanka me kake son sani, tambaya ɗaya zane ɗaya. In yadda farashi ke hawa daga kaka zuwa tsakiyar damina ne, yi zanen layi. In kwatanta kasuwanni ne a wata guda, yi zanen sanduna, kowace kasuwa da sandarta mai tsawo daidai farashinta, ka jera su daga mai tsada zuwa mai araha, kuma su tashi daga sifiri, dan in ka fara daga 600 bambancin dala biyar sai ya zama kamar ninki. In tambayar ta wuri ce sai taswira, haka likita John Snow yayi a Landan a 1854, ya ɗiga mamatan kwalara bisa taswira sai gasu sun taru kewaye da famfo ɗaya.

Layukan nan 18 mun raba su ƙananan zane shida, kowace kasuwa da nata, ma'auninsu iri ɗaya. Launi uku kawai, ban haɗa ja da kore ba saboda akwai masu idon da basa bambanta su. Sunan kowane layi a bakinshi muka rubuta.

Da kun gama tura ma wayarka ta WhatsApp ka duba, nan mutane zasu gani, in sai ka buɗa da yatsu biyu kake karantawa to ƙara girman rubutun.